Kundin Aikin Ɗan Littafin Ƙurajen Zazzaɓi a Sakkwato

12 ga Oktoba, 2024

Yau muka tsayar da shawara a kan aikin, ni da abokan aiki biyu: ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin masu haihuwa, da wani malamin makaranta mai kyakkyawan hannu a rubutun ajami. Za mu rubuta ɗan littafi da Hausa, na boko da na ajami, a kan ƙurajen nan da suke fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi ko mura, sannan mu naɗi karatunsa da murya domin a riƙa turawa ta WhatsApp ga waɗanda ba su karatu. Waɗanda muka fi nufa da shi su ne masu kemis da ungozomomi da iyaye mata. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma a wannan ƙarshen damina da masassara take kwantar da mutane gida-gida daga Mabera har Runjin Sambo, da wuya rana ta faɗi ban ga leɓe mai ɓawo a wurin aikina ba.

Wani zai ce ciwon bai kai a ɓata masa tawada ba, tunda yana warkewa da kansa. Gaskiya ne, kuma wannan yana cikin abubuwan farko da littafin zai faɗa. Abin da yake damuna shi ne mutane suna kashe kuɗinsu a kan maganin da ba nasa ba, wasu suna ƙona leɓunansu da hannunsu, kuma kaɗan ne suka san cewa ƙurjin da bai hana babba zuwa kasuwa ba yana iya halaka jaririn mako biyu.

27 ga Oktoba, 2024

Kafin mu rubuta ko da layi ɗaya mun tsaya muna sauraron yadda mutane suka fahimci ciwon. Amsa ɗaya ce take ta dawowa, kuma wata dattijuwa mai sayar da fura a Gawon Nama ta fi kowa taƙaita ta. Na ce, "Inna, me yake kawo waɗannan ƙuraje?" Ta ce, "Ai masassara ta, ɗana. In ta hito ga baki, to ta ƙare."

Abin da ta lura da shi daidai ne. Zazzaɓi, na cizon sauro ne ko na mura ko na ciwon huhu, yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ƙurajen, kuma sau da yawa suna fesowa ne a lokacin da mara lafiya ya fara jin sauƙi. Inda ake bukatar gyara shi ne hukuncin da aka ɗora a kan wannan lura. Mai haddasa ƙurajen wata ƙwayar cuta ce daban, bairos mai suna hapis simfuleks nau'i na 1, wadda likitoci suke taƙaitawa da HSV-1, kuma tana motsawa ne idan ta samu jiki ya raunana. Saboda haka fitowarsu ba ta nuna cewa ƙwayoyin maleriya sun mutu a cikin jini. Maganin maleriya da aka fi bayarwa yanzu na kwana 3 ne, sha 6, kuma wanda ya ajiye shi a rana ta biyu don ya ga baki ya feso ya bar wa cutar ƙofar dawowa. Akwai kuma masu yin akasin haka, waɗanda duk sanda ƙurji ya fito sai su sayi maganin maleriya ba tare da gwaji ba, alhali gwajin gaggawa na ɗigon jini yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20.

Mun amince cewa littafin ba zai buɗe da ƙaryata tsofaffi ba. Zai fara ne da tabbatar da abin da idonsu ya gani, sannan ya ƙara abin da ido ba ya iya gani.

16 ga Nuwamba, 2024

Babi na farko ya kammala, kuma shi ne na bayanin yadda ƙwayar take zama a jiki. Mafi yawan mutane suna ɗaukarta tun suna ƙanana, ta hanyar yawu ko ruwan ƙurjin, wato ta sumba, ko tauna wa yaro abinci, ko ci da cokali ɗaya da mai ciwon. Da yawa ba su nuna wata alama a wannan kamuwa ta farko. Wasu yaran kuwa, musamman tsakanin wata 6 da shekara 5, suna shan wahala ƙwarai: jiki ya yi zafi, dasashi ya kumbura ya yi ja har yana tsattsafar jini, ƙananan miki su cika harshe da cikin kumatu, yawu ya yi ta dalala, kaluluwa ta fito a wuya. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Iyaye mata sun fi ɗaukarsa a matsayin fitar haƙori, kuma haɗarinsa na gaske shi ne ƙarancin ruwa a jiki, domin zafin baki yana hana yaro sha. Mun rubuta cewa a riƙa ba shi nono da ruwa da kunu mai sanyi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma idan fitsari ya ragu, ko idanu suka faɗa, ko ya ƙi karɓar komai, a tafi asibiti a ranar.

Bayan wannan ƙwayar ba ta barin jiki har abada. Tana bin jijiyar da take ɗauke da ji daga fuska, ta je ta kwanta a wani ƙulli na jijiyoyi da ke cikin ƙoƙon kai daura da kunne, kamar garwashin da toka ta rufe. Idan zazzaɓi ya zo, ko mutum ya sha rana mai tsanani, ko gajiya da damuwa suka yi masa yawa, ko mace ta kusa al'ada, ko leɓe ya tsage, ko an cire haƙori, sai ta biyo wannan jijiya ta dawo fata. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurjin yake yawan fitowa a wuri ɗaya. Wasu sau ɗaya suke ganinsa a shekaru, wasu sau da yawa a shekara guda, wasu kuwa suna ɗauke da ƙwayar ba su taɓa ganinsa ba.

Sashen da na fi ba lokaci shi ne na matakan ciwon, domin duk maganar magani a kansa ta rataya. Da farko mutum yana jin ƙaiƙayi ko zugi ko ɗan raɗaɗi a wani wuri a bakin leɓe, alhali madubi bai nuna komai ba, kuma wannan yakan ɗauki sa'o'i kaɗan zuwa kwana ɗaya ko biyu. Sai wurin ya yi ja ya ɗan tasa, sai ƙananan bororo su fito a cure, cike da ruwa garai-garai. Bayan kwana biyu ko uku su fashe su bar ɗanyen miki, kuma a nan ne ciwon ya fi zafi, a nan ne kuma ya fi yaɗuwa. Daga nan ɓawo ya rufe, yana tsagewa idan an yi dariya ko an buɗe baki sosai, har ya faɗi da kansa. Gaba ɗaya kwana 7 zuwa 10 ne, wani lokaci mako biyu, kuma idan ba a tsokane shi ba ba ya barin tabo.

7 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kankama, leɓuna sun fara tsagewa, masu zuwa da ƙurajen sun ƙaru. Mun zagaya wasu shagunan kemis a cikin gari domin mu ga abin da ake bayarwa, kuma abin da muka gani ya sa babin "abin da ba a yi" ya koma gaban babin magani.

Wata matashiya ta shigo wani shago muna zaune, ta janye mayafi daga bakinta. Ƙurjin asali bai wuce girman ƙwayar wake ba, amma kewayensa duk fata ta saɓule ta yi fari, leɓen ƙasa ya kumbura har magana tana yi mata wuya. Jiƙaƙƙiyar kanwa ta ɗora a kai ta kwana da ita, don an ce mata tana busar da shi. Kanwa tana cin fata, kuma mikin da ta bari zai fi ƙurjin daɗewa, yana iya barin tabon da ƙurjin ba zai bari ba. Haka muka ji labarin masu shafa man goge baki, da toka, da turare, da masu fasa bororon da allura, wanda ba abin da yake yi sai watsa ruwan zuwa lafiyayyar fata da yatsu.

Daga ɓangaren shago kuwa abu biyu ne suka fi yawa. Na farko kafson antibayotik, a sha ko a fasa a barbaɗa garin a kan mikin, alhali antibayotik bakteriya yake kashewa, ba shi da tasiri a kan bairos, kuma ba a bukatarsa sai idan mikin ya yi ruwa da mugunya kuma ma'aikacin lafiya ya tabbatar. Na biyu kirim ɗin nan da ake kira mai aiki uku, wanda yake ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin wanda yake cikin mayukan bilicin da yawa. Sitiroyid yana danne garkuwar fata, saboda haka shafa shi kai tsaye ba tare da maganin bairos ba yana iya ba ƙwayar damar faɗaɗa.

Wani mai kemis ya faɗa mini gaskiyarsa: "Malam, in na ce masa ya je zai warke da kansa, gobe ba zai dawo shagona ba." Na ga maganarsa abin dubawa ce, domin nasihar da take rufe wa mutum hanyar abinci ba ta daɗewa. Don haka muka ƙara shafi na abin da zai iya sayarwa da zuciya ɗaya: parasitamol don zafi, basilin ko man kaɗe mai tsabta don hana ɓawon tsagewa, da kirim ɗin asikulobir, wato maganin wannan bairos, ga wanda ya zo da wuri. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16.

22 ga Disamba, 2024

Babin magani ya fi kowanne cin gardama a tsakaninmu. Jigonsa asikulobir ne, wanda wasu suka sani da sunan Zovirax. An samo shi a cikin shekarun 1970 a kamfanin Burroughs Wellcome, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1980, kuma Gertrude Elion, wadda ta jagoranci binciken yadda yake aiki, tana cikin waɗanda suka karɓi lambar Nobel ta fannin likitanci a 1988. Hikimarsa ita ce ba ya fara aiki sai a cikin ƙwayar halittar da bairos ɗin ya shiga, domin wani sinadari na bairos ɗin kansa ne yake kunna shi, daga nan ya hana shi hayayyafa. Wannan yana bayyana abu biyu da nake so kowane mai karatu ya riƙe. Maganin yana da amfani ne a lokacin da ƙwayar take hayayyafa, wato daga ƙaiƙayin farko zuwa fitowar bororo, kuma ba ya taɓa wadda take kwance a cikin jijiya. Duk wanda ya yi maka alkawarin raba ka da ita har abada, na asibiti ne ko na gargajiya, ya faɗi abin da babu shi, kuma har yau babu allurar rigakafinta.

Kirim ɗin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana shafa shi sau 5 a rana, kamar kowace sa'a 4 ban da lokacin barci, har kwana 5. Ana ɗiga shi a hankali ba tare da murzawa ba, a wanke hannu kafin da bayan, kuma ba a sa shi cikin baki ko ido. Abokiyar aikina ta so mu tsaya a nan, ni kuwa na dage sai mun faɗi iyakar amfaninsa: ko an fara da wuri, abin da yake ragewa daga kwanakin ciwon bai fi rabin yini zuwa yini ɗaya ba, idan kuwa ɓawo ya riga ya rufe, sayensa asarar kuɗi ce. Tsoronta shi ne mutane su raina maganin. Nawa tsoron shi ne magidancin da kuɗin cefane kawai ke aljihunsa ya saye shi a rana ta biyar. Mun bar maganar iyakar amfanin nasa a cikin littafin.

Maganin sha ya fi na shafawa ƙarfi. Akwai ƙwayar asikulobir da ake sha sau 5 a rana na kwana 5, akwai balasikulobir da babba yake shan giram 2 sau biyu a yini guda da tazarar sa'a 12, akwai kuma famsikulobir na miligiram 1500 sha ɗaya. Wanda ƙurajen suke dawo masa kamar sau 6 ko fiye a shekara, likita yana iya ɗora shi a kan ƙaramin awo kullum na wasu watanni domin rage yawan dawowar. Duk waɗannan ta ƙoda suke fita, saboda haka suna bukatar shan ruwa sosai, kuma ana rage awon ga mai ciwon ƙoda da tsoho. A garin da zafi yake wuce digiri 40 a bazara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mun yanke cewa awon na sha ba zai shiga littafin jama'a ba, zai tsaya a takardar ma'aikatan lafiya, kuma littafin zai ce a ga likita, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

11 ga Janairu, 2025

Mun zauna da wasu ungozomomi a wani gida a Arkilla, kuma wannan zama shi ne zuciyar aikin. Garkuwar jariri a makonni 4 zuwa 6 na farko ba ta iya tsare wannan ƙwaya a fata, tana iya wucewa zuwa hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. Mafi yawan jariran da suke kamuwa a wurin haihuwa suke ɗauka, idan uwa tana da hapis a al'aura, amma kusan 1 cikin 10 bayan haihuwa ne, daga bakin wani ko hannunsa. Abin ba ya yawan faruwa, sai dai idan ya faru yana kisa ko ya bar naƙasa.

Sai na tuna musu ranar suna: jariri ɗan kwana bakwai yana yawo daga hannu zuwa hannu tun safe har la'asar, kowa yana sumbata. Wata Hajiya ta ce, "Ɗana, wa zai iya ce wa uwar miji kada ta sumbaci jikanta?" Babu wanda ya yi dariya, domin kowa ya san nauyin tambayar. Ita da kanta ta kawo mafita, cewa ungozoma ce za ta faɗa tun kafin ranar, a matsayin ƙa'ida ga kowa, yadda babu wanda zai ji an nuna shi da yatsa. Mun rubuta shi yadda ta faɗa. Game da tauna dabino a shafa a ganɗar jariri, mun ce wanda yake da ƙurji ko yake jin ƙaiƙayinsa ya bar wa wani mai lafiyar baki.

Mai jego da ƙurjin ya fito mata ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki ɗanta, ta rufe baki da takunkumi, ta haƙura da sumba har ɓawon ya faɗi. Idan a kan nono ƙurjin yake, ba a ba da wannan nonon sai ya warke. Jaririn da jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ya ƙi kama nono, barci ya yi masa yawa, ko aka ga bororo a fatarsa ko yana jijjiga, ba a kwana da shi a gida, ko da babu ƙurji ko ɗaya a jikinsa. Maganinsa asikulobir ne ta jijiya na kwana 14 zuwa 21, kuma sai babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ungozomomin ne kuma suka jawo hankalinmu ga kwalli. Akwai masu laƙatar tsinken da harshe kafin su zizara, sannan a miƙa wa wata ko a sa wa yaro. Idan ƙwayar ta shiga ido tana cin baƙin idon, kuma tana cikin abubuwan da suke makantarwa. Ido ya yi ja, yana zafi da hawaye, yana gudun haske, ko gani ya dushe a lokacin da ake da ƙurji, to sai likitan ido, ba ɗigon kemis ba, domin ɗigo mai sitiroyid yana ƙara ɓarnar.

1 ga Fabrairu, 2025

Mun ƙara shafi na mikin da yake kama da ƙurajen amma ba su ba ne. Farin miki mai zafi a cikin kumatu ko ƙarƙashin harshe daban ne kuma ba ya yaɗuwa. Tsagewar kusurwar baki sau da yawa daga ƙarancin jini ko na bitamin take. Ɓawo mai kalar zuma da yake bazuwa a fuskar yaro na bakteriya ne, shi kam yana son antibayotik. Mikin leɓe da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ƙurajen da suke faɗaɗa suna yawan dawowa, suna bukatar likita da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Haka mai kircin fata da ya ga ƙurajen suna watsuwa a jikinsa, da wanda ciwon kai mai tsanani da ruɗewa suka biyo bayan zazzaɓi, duk na gaggawa ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar noma, domin a yankinmu ba labari ba ce. Tana farawa da miki a dasashin yaro, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana, sai warin baki, sai kunci ya kumbura ya yi baƙi, cikin 'yan kwanaki nama ya zube. Idan uwa ta karanta littafinmu ta fahimci cewa kowane ciwon baki yana warkewa da kansa, to mun cutar da ita. Saboda haka mun sa gargaɗin da manyan haruffa tare da sunan Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999. A Disamba 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa sakaci.

Malamin ajami ya kawo maganar kunya, domin wasu matasa da suka bincika a intanet sun ɗauka ƙurjin leɓe shaidar alfasha ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da HSV-1, kuma mafi yawansu tun yarinta. Nau'i na 2 shi ne aka fi dangantawa da al'aura. Duk da haka mun faɗa cikin ladabi cewa na leɓe yana iya komawa can ta hanyar baki, don haka ma'aurata su dakata har ya warke.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, zafi ya fara, leɓuna suna bushewa. Tambayar da ta fi zuwa ita ce ko shafa magani a leɓe yana karya azumi. Malamin da muka tuntuɓa ya ce abin da aka shafa a waje bai wuce maƙogwaro ba ba ya karyawa, kuma mun sa wannan tare da shawarar kowa ya koma ga malaminsa. Ƙwayar da ake sha sau 5 a rana kuwa ba ta daidaita da azumi, don haka mai bukatarta ya gaya wa likita yana azumi, a duba masa wadda za a iya rabawa tsakanin buɗa baki da sahur.

An saurari naɗin muryar a wata makarantar Islamiyya ta matan aure. Sun fahimci sashen jarirai sarai, amma bayanin kwanciyar ƙwayar a jijiya ya yi musu tsawo, kuma za mu rage shi. Rubutun ajami ya kai babi na uku. Abin da ya rage shi ne shafin bazara, na manoma da 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwar da suke wuni a rana, inda za mu ba da shawarar malfa da man leɓe mai kare hasken rana ga wanda ya san rana tana tayar masa da ƙurajen. Takardar ma'aikatan lafiya tana hannun wani likitan yara yana duba awon magunguna, kuma ba za mu kai komai maɗaba'a ba sai ta dawo, wanda muke sa ran zai kasance bayan Sallah.